Jagora: Yadda Ake Kula da Keɓaɓɓen Yankin Teku a Kewayen Jirgin Yaƙin da Aka Nutsar

A ranar 27 ga Mayu 2009 aka tayar da nakiyoyin da aka dasa a jikin tsohon jirgin sojan Amurka mai suna General Hoyt S. Vandenberg, a tekun da ke kusa da Key West. Tsawonsa ya kusa mita 160, amma kafin minti biyu ya cika ruwa ya haɗiye shi. Oriskany, katafaren jirgin dakon jiragen sama da aka nutsar kusa da Pensacola a 2006, minti 37 ya ɗauka. Ranar nutsarwa ita ce ranar da kowa ke zuwa kallo, a ɗauki hotuna, a watse. Aikin da wannan jagora ta ƙunsa yana farawa ne washegari, kuma sai an yi shekaru gommai ana yinsa.

Duk hukumar da aka damƙa wa irin wannan wuri abu biyu take riƙe da su waɗanda ba hanya ɗaya suke bi ba. Ƙarfen jirgin kullum lalacewa yake, halittun da suka manne masa kuwa kullum ƙaruwa suke. A tsakaninsu ga mutane suna sauka da tukwanen iska a bayansu, wasu gwanaye, wasu jiya-jiya suka koya. Idan kuka mayar da hankali kan ɗaya kuka bar sauran, ko dai a wayi gari babu kifi, ko kuma a fito da gawa.

Maganar nan a kan jiragen da aka yi wa ritaya ne, aka tsaftace su, aka nutsar da su da gangan. Jirgin da ya nutse a fagen yaƙi da mutane a cikinsa kabari ne, kuma hukuncinsa daban. Birtaniya, alal misali, tana da dokar 1986 da ke kare ragowar jiragen soja, wadda ta hana ko kusantar wasunsu ba tare da izini ba.

Mataki na farko: ku san na wane ne, kuma wa zai amsa tambaya

Kafin komai, a rubuta a takarda wanda ya mallaki jirgin bayan ya kwanta a ƙasan teku. Rundunar sojan ruwa takan miƙa shi ga gwamnatin jiha, ko ƙaramar hukuma, ko wata ƙungiya mai zaman kanta, daga nan kuma ta cire hannunta. Ƙungiyoyin sa-kai sun ƙware wajen tara kuɗin nutsarwa, amma bayan shekara goma masu zafin nama a cikinsu sun tsufa ko sun watse, jirgin kuwa yana nan. Saboda haka yarjejeniyar ta ambaci hukuma mai ɗorewa wadda nauyin zai koma kanta, ta faɗi wanda zai biya inshora, da wanda ke da ikon rufe wurin a rana ɗaya ba tare da jiran taro ba.

Ta fuskar dokar duniya, Yarjejeniyar Landan ta 1972 da ƙarin da aka yi mata a 1996 su ne ke tsara zubar da abubuwa a teku. Sun bambanta zubar da shara da ajiye abu don wata manufa, kuma a 2009 an fitar da ƙa'idojin kafa mazaunin kifi na wucin gadi don kada wani ya fake da sunan kiwon kifi ya yar da tarkacensa. Kowace ƙasa tana da nata izinin a kan wannan. A Ostireliya dokar 1981 kan zubar da abubuwa a teku ce ke aiki. Izinin yakan zo da sharuɗɗan sa ido na shekaru masu yawa, kuma waɗannan sharuɗɗa su ne ƙashin bayan tsarin aikinku.

Labarin HMAS Adelaide, tsohon jirgin yaƙin Ostireliya, ya isa darasi. An shirya nutsar da shi a Maris 2010 kusa da Avoca a jihar New South Wales, sai wata ƙungiyar mazauna yankin ta kai ƙara kan fentin dalma da wayoyin da suka rage a cikinsa. Kotun ta amince a nutsar, amma da sharaɗin a ƙara tsaftacewa, kuma bai shiga ruwa ba sai 13 ga Afrilu 2011. Shekara guda ta tafi, ga kuɗin ajiye jirgi a tasha. Mutanen gaɓa da masunta a zauna da su tun ana zaɓen wuri, a nuna musu sakamakon gwaje-gwaje da lambobinsa. Wanda aka ɓoye wa takarda zai je kotu ya nemo ta.

A buɗe kundi guda na jirgin: zanen gininsa na asali, jerin ƙofofin da aka yanka, ɗakunan da aka toshe, abin da aka cire da abin da aka bari. Masu ceto za su nemi wannan kundi wata rana cikin gaggawa, don haka kwafinsa ya kasance a hannunsu tun yanzu.

Mataki na biyu: idan kun samu jirgin bai shiga ruwa ba tukuna

Wannan ita ce damar da ba ta dawowa. Duk abin da za a gyara a tasha da sauƙi, a zurfin mita 30 zai ci ninkin-ba-ninkin kuɗi, wani ma ba zai gyaru ba.

A kwashe mai da man giris daga tankuna da bututu har sai an wanke su. A cire wayoyin lantarki, da na'urorin da ke ɗauke da sinadarin PCB mai guba, da asbestos ɗin da ya saki, da fentin da ke ɓarewa, da duk robar da za ta iya tasowa sama. Tsofaffin jirage da yawa an shafa wa gindinsu fentin hana tsiro mai sinadarin TBT, wanda aka haramta a duniya tun 2008 saboda illarsa ga halittu masu ƙwanso. Hukumar kare muhalli ta Amurka da hukumar kula da jiragen ruwanta sun fitar da jagorar irin wannan tsaftacewa a 2006. Oriskany an bar shi ya nutse da PCB da ya haura kilo 300 a jikin wayoyi da sauran kayansa bisa izini na musamman, kuma saboda haka aka yi shekaru ana gwada naman kifin da ake kamawa a wurin. Abin da aka ƙi biya a tasha, an biya shi a ɗakin gwaji.

Sai gyaran jirgin don masu nutso. A cire ƙofofi da murafu gaba ɗaya, kada a ɗaure su a buɗe, domin ɗauri yana tsinkewa. A yanka manyan tagogi a gefe da rufi ta yadda duk inda mutum yake a cikin sashen da aka buɗe zai hangi hasken waje. Ɗakunan can ƙasa masu lunguna a yi musu walda a toshe. A goge kaifin bakin duk inda aka yanka.

Wurin da za a kwantar da shi ya zama yashi ne shimfiɗaɗɗe mai tauri, nesa da murjani da ciyawar teku, nesa da hanyar manyan jirage da wayoyin da ke ƙarƙashin teku. Zurfin mita 25 zuwa 35 shi aka fi zaɓa. HMAS Brisbane na kwance a kusan mita 28, Adelaide a kusan 32. Idan zurfin bai kai haka ba igiyar ruwa za ta yi ta dukansa, idan ya wuce haka kuma yawancin masu nutso ba za su kai ba. Kuma kafin ya sauka a ƙirga kifi, a ɗebi laka a gwada, a wurin da kuma a duwatsun da ke makwabtaka. Idan babu wannan ƙidaya ta farko, duk abin da za ku faɗa nan gaba game da amfanin jirgin ko cutarwarsa zato ne kawai.

Ku shirya wa yiwuwar jirgin ya ƙi kwanciya yadda aka tsara. Spiegel Grove ya riga lokacinsa nutsewa a Mayu 2002 kusa da Key Largo, ya kife, goshinsa a waje. Da ƙyar aka juya shi ya kwanta a gefen dama, sai guguwar Dennis ta 2005 ta miƙar da shi tsaye. HMCS Yukon a San Diego ya nutse cikin dare a shekarar 2000 ya kwanta a gefen hagu. HMAS Tobruk a 2018 ya faɗi a gefen dama. Jirgin da ya kwanta a gefe, ƙofofin da aka yanka a ɓangare guda sun binne a yashi, bango ya zama rufi, taswirar da kuka buga ta tashi aiki. Kada a buɗe wa jama'a sai ƙwararru sun shiga ɗaki-ɗaki sun sake zana ta.

Mataki na uku: shata iyaka da hana kamun kifi

A nan ne na fi so a tsaya a yi tunani, domin a nan ake yawan yin sake.

Cikin makonni kaɗan kifi ke fara taruwa a jirgin da aka nutsar. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko irin wannan wuri yana haifar da sabon kifi ne, ko kuwa yana jawo wanda ke warwatse a duwatsun kusa ne ya tara shi wuri guda. Amsar takan zama duka biyun, gwargwadon irin kifin. Ƙananan da ke rayuwa a jikin ƙarfen, da kaguwa, da soso, da murjani mai laushi, ƙari ne na gaske. Manyan kifaye masu farauta kuwa da yawansu baƙi ne da suka taso daga wani wuri. Idan aka bar kamun kifi a buɗe, abin ya zama kamar wanda ya watsa wa tsuntsayen daji hatsi a fili guda sannan ya kira masu tarko. Kifin da a da sai an sha wahalar nemansa, yanzu kowa ya san lambobin wurinsa. Ba jirgin kaɗai zai rasa kifi ba, har duwatsun da kifin ya baro.

Akwai kuma maganar rai. Zaren fatsa ba ya ganuwa a ruwa, yana naɗewa a jikin ƙarfe, ya kama ƙafar mai nutso ko bututun iskarsa. Tarun da ya maƙale a jirgi zai ci gaba da kashe kifi shekara da shekaru babu mai ɗiba. Ƙugiya da masu nutso ba sa zama wuri ɗaya.

Don haka a shata yanki a kewayen jirgin inda ba a ɗaukar komai: ba fatsa, ba taru, ba mashi, ba tsintar kaguwa ko ƙwanso. Siffar iyakar ta zama mai sauƙi, da'ira daga tsakiyar jirgin ko murabba'i mai kusurwa huɗu da lambobin GPS, yadda mai ƙaramin kwale-kwale zai duba na'urarsa ya san yana ciki ko yana waje. Iyaka mai lanƙwashe-lanƙwashe tana da kyau a taswira, amma a gaban alƙali ba ta tsayuwa. Faɗinta ya wuce tsawon jirgin sosai, domin kifin yana fita kiwo a yashin da ke kewaye, kuma masunta za su jeru daidai kan layin. Idan layin ya matso, da shi da babu duk ɗaya. A sanar da hukumar zana taswirar teku ta saka wurin a taswirorin matuƙa, a kafa alluna a duk mashigar da ake sauke kwale-kwale.

An bi hanyoyi daban-daban. A jihar Queensland ta Ostireliya, an mayar da kewayen jirgin Brisbane, wanda aka nutsar a 31 ga Yuli 2005, wurin kiyayewa na musamman da ba a shiga sai da izini. A Wellington ta Niyu Zilan, jirgin F69 da aka nutsar a 2005 ya samu kansa a cikin babban keɓaɓɓen yankin Taputeranga da aka kafa a 2008. A ganina tsari na biyu ya fi amfanar teku, domin yana kare jirgin tare da duwatsun asali, kifin da ke kai-kawo tsakaninsu ba ya ratsa filin da ake farautarsa.

Masunta kuwa ba abokan gaba ba ne. Idan yashin da aka zaɓa wurin jan tarunsu ne tun kaka da kakanni, an karɓe musu wani abu, kuma a faɗi hakan a fili. A ba su kujera a kwamitin gudanarwa. Inda hali ya yi, a kafa musu nasu mazaunin kifin na kankare a wani wuri mai nisa. A riƙa nuna musu sakamakon ƙidaya kowace shekara, mai daɗi da marar daɗi.

Mataki na huɗu: turaku maimakon anga

A haramta jefa anga a cikin yankin baki ɗaya. Anga tana karya abin da ya shekara yana tsirowa, tana ɓalle ƙarfen da tsatsa ta ci, tana iya faɗowa a kan mutum. A kafa turaku na dindindin, kowanne da tulu mai shawagi a sama da lamba a jikinsa.

Za a iya ɗaure turken a jikin jirgin ko a ƙasan teku kusa da shi. Ɗaurewa a jiki tana kai mai nutso kai tsaye inda zai sauka, amma duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwalen da ke sama, ƙarfen ƙasa ne ke shan fizga. Abin da ya fi shi ne nauyin kwale-kwale ya hau kan tubalin kankare ko dunƙulen ƙarfen da aka murɗa cikin yashi, sannan a ja siririyar igiya daga nan zuwa jirgin don masu sauka su bi. A sa ƙaramin tulu a ƙarƙashin ruwa ya riƙe sarƙar kada ta riƙa jan ƙasa, a kuma tanadi wurin riƙewa a mita 5 inda ake tsayawar minti uku kafin a fito.

Turke yana lalacewa ne a mahaɗa. Mai dubawa ya kama kowace maɗaurar ƙarfe da hannu, ya kankare tsiron da ya rufe ta, ya auna kaurin zoben sarƙa a inda biyu ke gogar juna, domin a nan take sirancewa alhali sauran jikinta lafiya lau. A rubuta iyakar girman kwale-kwalen da kowane turke zai ɗauka da ƙarfin iskar da idan ta kai a sauka daga kansa. Yawan turaku shi ne ainihin abin da ke ƙayyade yawan mutane, don haka kada a ƙara turke don kawai wani kamfani ya matsa. A ware aƙalla guda ga masu zuwa da kwale-kwalensu, a raba lokaci kashi-kashi ta hanyar yin rajista tun kafin a taso.

Mataki na biyar: wa zai sauka, kuma ina zai tsaya

Takardar shaidar nutso ta matakin farko mita 18 ta yarda da shi. Ta gaba da ita mita 30. Iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40 ce. A zurfin mita 30, mai shaƙar iska ta yau da kullum yana da kamar minti 20 kafin ya shiga halin da dole sai ya yi dogon zango a hanyar fitowa, kuma a wannan zurfi iskar naitirojin takan fara sa wa mutum wani irin maye, tunaninsa ya yi nauyi bai sani ba. Da waɗannan lambobi za ku raba jirgin gida uku: waje da saman bene ga kowa gwargwadon takardarsa, ɗakunan da haske ke ratsawa ga masu matakin gaba tare da jagora, can ciki kuma sai wanda ya yi horon shiga jirgi na musamman da kayan aikinsa.

Abin da ke kashe mutane a cikin jirgi ba ya wuce laka da ɓata hanya. Shekara kaɗan bayan nutsarwa, laka mai laushi kamar toka takan kwanta a kowane ɗaki. Mutum ya shiga ruwa garau, fitilarsa na haska bango. Ya kaɗa ƙafa sau biyu ba daidai ba, lakar ta tashi. Kumfar numfashinsa ta bugi rufi, ɓarɓashin tsatsa ya zubo. Cikin daƙiƙa kaɗan ba ya ganin agogon da ke hannunsa, fitilar ma sai dai ta haska masa hazo ja. Ƙofar da ya shigo tana nan taku uku daga inda yake, amma bai san ta wane gefe ba, iskarsa kuma tana raguwa da sauri saboda tsoro. A 2007 mutum uku sun mutu a cikin Spiegel Grove. HMS Scylla, da aka nutsar a Whitsand Bay ta Ingila a 2004, ya ci mutum biyu a 2007, ya sake cin biyu a 2021. Duka jiragen nan an gyara su ne musamman don masu nutso. Yanka tagogi bai sa jirgi ya daina zama rufaffen wuri ba.

Saboda haka sharuɗɗan izini su fito ƙarara. Mai shiga ciki ya ja zare daga ƙofa, ya riƙe fitila biyu da abin yanka. Ya bi ƙa'idar kashi uku: kashi ɗaya na iska don shiga, ɗaya don fita, ɗaya ajiya. Ba mai sauka shi kaɗai. Kowane rukuni a yi masa bayani da taswirar jirgin ta yanzu kafin ya shiga ruwa. A liƙa lambobi a bakin ƙofofi, a riƙa goge su, don mutum ya san inda yake, mai ceto ma ya san inda za shi.

Ba a ɓalle komai daga jikin jirgi a tafi da shi gida, ba a ciyar da kifi, ba a tsayawa a kan abin da ya tsiro. Kumfar da ke taruwa a rufin ɗaki tana kashe halittun da ke manne a wurin tana kuma ƙara wa tsatsa gudu, don haka a huda ƙananan ramuka a saman ɗakunan da aka fi shiga don iskar ta fice.

Kamfanonin da ke kai mutane a ba su lasisi mai wa'adi, wanda za a iya dakatarwa. Su riƙa miƙa adadin mutanen da suka saukar da duk wani abin da ya faru, ko da an tsira. A tsara karɓar rahoton ta yadda wanda ya faɗi gaskiya ba zai ji tsoron rasa lasisinsa ba, in ba haka ba kowa zai yi shiru sai ranar da abin ya fi ƙarfin ɓoyewa.

Mataki na shida: ranar da abu ya ɓaci

Kowane kwale-kwale ya ɗauki iskar oksijin da za ta isa har gaɓa da wanda ya iya ba da ita, da rediyon VHF a kan tasha ta 16, da tutar Alfa mai fari da shuɗi a sama muddin akwai mutum a ruwa. A kira suna ɗaya-ɗaya bayan kowace fitowa, ba ƙirga kawuna ba. A san ɗakin matsin iska mafi kusa da ake jinyar wanda kumfar naitirojin ta taru a jininsa, da awa nawa za a yi kafin a kai shi, da ko yana aiki a ranakun hutu. Sau ɗaya a shekara a yi atisaye na gaske tare da masu gadin gaɓa da masu motar asibiti, daga ɗakin cikin jirgi har ƙofar asibiti, ana duba agogo.

Mataki na bakwai: sa ido a kan ƙarfe da kan rai

Ƙarfe a ruwan gishiri yana cinyewa kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara, a matsakaici. Lambar tana da ƙanƙanta har ta ruɗi mutum. Gangar jikin jirgi mai kauri za ta daɗe, amma siraran bangayen ɗakuna, da matakala, da wuraren walda, su ne ke fara tafiya, kuma ana cin su ta fuska biyu. Jiragen yaƙi da yawa, irin su Adelaide da Canberra, gininsu na sama alminiyam ne a kan gangar ƙarfe. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu a ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke saurin cinyewa, don haka mahaɗarsu ita ce wurin da za a fi zuba wa ido.

Guguwa kuwa tana yin aikin shekara ashirin a dare ɗaya. F69 bai cika wata huɗu a ƙasa ba igiyar ruwa ta karya shi gida uku a farkon 2006. Kittiwake na tsibirin Grand Cayman, da aka nutsar a 2011 yana tsaye, guguwar Nate ta 2017 ta karkatar da shi. Dokar ta zama: bayan kowace babbar guguwa wurin a rufe yake har sai masu dubawa sun sauka sun ce a buɗe. Ban da wannan, injiniyan jiragen ruwa ya duba shi duk shekara, a auna kaurin ƙarfe a wurare ƙayyadaddu, a auna karkatarsa da yadda yashi ke zaizayewa a gindinsa, a ɗauki hoto daga wuri guda da kusurwa guda kowane zuwa. Hoton bana kusa da na bara yana nuna tsagewar da ido ya saba da ita har ya daina gani.

Ƙidayar halittu a yi ta a lokaci guda na shekara, da hanya guda, a jirgin da kuma a duwatsun da aka ƙirga tun farko. Tambayar da ake son amsawa ita ce ko kifin yankin gaba ɗaya ya ƙaru, ba na jirgin kaɗai ba. Idan na jirgi ya hau na duwatsu ya sauka, an yi ƙaura ne kawai, kuma wataƙila iyakar tana bukatar faɗaɗawa. A ci gaba da gwada laka da naman kifi don neman dalma, tagulla, da PCB har wa'adin da izini ya gindaya. A lura da baƙin halittu, domin sabon ƙarfe fili ne ga duk wanda ya riga zuwa. A yammacin tekun Atlantika, wani kifi mai ƙayoyin dafi da ake kira lionfish, wanda ya fito daga tekun Indiya da Pasifik, da wani murjani ruwan lemo mai suna Tubastraea, sun cika jirage da dama. Cire irin waɗannan a yi shi da izini na musamman a hannun mutanen da aka horar, kada ya zama ƙofar da kowa zai shigo da mashi.

Masu nutso na sa-kai suna da amfani sosai a nan idan aka ba su fom mai sauƙi da horo kaɗan. Su ne kuma za su taya ku kwashe zaren fatsa da tarun da igiya ta kawo.

Mataki na takwas: kuɗi da sintiri

Shekarun farko mutane za su yi tururuwa. Daga baya ɗoki zai ragu, daidai lokacin da kuɗin gyara ke hawa. A yi kasafi da wannan a zuciya. Kuɗin izinin kowane mai nutso da na lasisin kamfanoni su shiga asusu na musamman da doka ta hana a taɓa don wani aiki, a riƙa ware wani kaso tun shekarar farko don gyaran turaku bayan guguwa da toshe ɗakunan da za su lalace. A buga bayanin abin da aka tara da abin da aka kashe kowace shekara. Mai nutso ba ya ƙyashin biya idan ya ga sabuwar sarƙa a turke.

Dokar da ba a tsare ta ba tana koya wa mutane raina sauran dokoki. Masu satar kifi da asuba suke zuwa, ko da dare, ko ranar da iska ta hana masu nutso fita, don haka sintiri a lokaci guda kullum ɓata mai ne. A riƙa sauya lokaci. Idan wurin yana ganuwa daga tudu, kyamara mai hangen nesa tana rage wahala. Matuƙan kamfanonin nutso su ne idanunku na kullum: a ba su lambar kira, a koya musu ɗaukar hoton da ke nuna lambar kwale-kwale da lambobin wuri, a kuma gargaɗe su kada su tunkari kowa da kansu. Wanda ya shigo cikin rashin sani a karo na farko a yi masa bayani. Wanda ya dawo a ci shi tarar da ta fi ƙimar abin da ya kama.

Idan jirgin ya tsufa

Zai rushe, ko ba jima ko ba daɗe. Tun yana da ƙarfi a rubuta alamomin da idan an gan su za a rufe sashe: kaurin bango ya sauka ƙasa da kaza, rufi ya fara lotsawa, ɗaya daga cikin ƙofofin fita biyu ta toshe. Amfanin rubutawa da wuri shi ne ranar da za a yanke hukunci akwai masu ciniki da za su roƙi a ƙara musu kaka ɗaya, kuma jami'in da ke riƙe da takarda ya fi wanda ke riƙe da ra'ayinsa kawai ƙarfin cewa a'a. Rufewa takan bi daki-daki: ɗakunan ciki, sannan ginin sama, daga ƙarshe a hana shiga kwata-kwata a bar zagayawa ta waje. Duk sashen da aka rufe a toshe shi da sanduna, a sabunta taswira, a aika wa kowane kamfani a rubuce.

Ko bayan ya zama tarin ƙarfe a kan yashi, kifin da ya zauna a wurin bai tashi ba, kuma lambobin wurin suna cikin na'urar kowane masunci. Don haka takardar da ta kafa yankin kada ta rataya hana kamun kifi a kan ko ana nutso ko ba a yi. A rubuta ta da sunan wurin da lambobinsa, a sa mata lokacin bita duk bayan shekara biyar ko goma, kuma sakamakon ƙidayar kifi ne zai nuna ko a bar iyakar yadda take ko a faɗaɗa ta.